Lambar da ke jikin ƙofar direba: yadda nake auna iskar taya a Birnin Kebbi

Motar da nake hawa Corolla ce 'yar Kwatano, irin wadda aka ƙera don kasuwar Amurka. A allon gaban direba akwai wata ƙaramar wuta ruwan ɗorawa, mai siffar taya da aka yanka ta tsakiya, da alamar motsin rai a cikinta, wato wutar gargaɗin ƙarancin iskar taya. Duk lokacin da aka murɗa makulli takan kama tare da sauran fitilu, sannan ta mutu bayan 'yan daƙiƙoƙi. A watan Disamba, da hunturu ya kankama a Birnin Kebbi, sai ta canza hali. Idan na tayar da mota da sassafe zan nufi Kalgo wurin aiki, sai ta kama ta zauna daram. In na fito da azahar babu ita. Washegari da safe ta dawo.

Na zagaya motar na duba ƙafafun huɗu, na dudduba, ban ga wadda ta kwanta ba. Ana cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai a kan tayar zamani wannan magana ba ta ci ba. Tayoyin yanzu gefensu yana da laushi, ko cike suke za ka ga sun ɗan buɗe ta inda suka zauna a ƙasa. Taya mai iska 32 da mai 25, in ka jera su, da wuya ido ya raba su. Kafin ka ga taya ta kwanta da idonka, ta daɗe da shiga haɗari.

Da yamma na biya gidan kawuna, wanda ya yi shekaru yana jan babbar mota daga Jega zuwa kudu kafin ya ajiye tuƙi. Na ba shi labari. Ya ce, "Ɗana, mu zamaninmu ƙarhe muka ɗauka mu bugi taya mu saurari kukanta. Amma wagga ƙaramar mota taka ba ta jin wanga yare. Ka tahi ka sayi geji naka na kanka, ka aje shi cikin mota. Kuma da sahe aka awon taya, kahin ta taka kwalta." Ya ƙara da cewa kada in tambayi kowa nawa za a sa mata, motar da kanta ta faɗa, in buɗe ƙofar direba in duba.

Haka kuwa abin yake. A jikin ginshiƙin da ƙofar direba ke rufuwa a kansa akwai wata sitika da na sha gani ina wucewa. An rubuta girman tayar da ta dace da motar, 205/55R16, sannan iskar gaba 32 psi (ma'aunin ƙarfin iska ke nan), ta baya ma 32 psi, wato 220 kPa a ɗaya ma'aunin. Ƙaramar safaya da ke cikin but kuma 60 psi. A saman sitikar an rubuta iyakar nauyin mutane da kaya da motar za ta ɗauka gaba ɗaya, kuma bai kai kilo 400 ba. Wannan ya tsaya mini a rai, domin manya biyar da buhun shinkafa ɗaya mai kilo 50 sun riga sun cika shi, alhali mu nan sau nawa ake dawowa daga Argungu ko Suru da buhu uku a but da mutane cike a ciki. Wasu motocin Turai kan sa tasu sitikar a cikin murfin tankin mai, kuma da ma'aunin bar suke rubutawa, sau da yawa layi biyu: na mota fayau da na mota mai lodi. Bar 1 daidai yake da psi 14.5, saboda haka 2.2 bar shi ne 32 ɗin nan dai.

A shagon kayan mota na tarar da geji iri uku. Akwai siriri mai tsawon biro, wanda wani ɗan sanda ke fitowa ta bayansa da lambobi a jiki. Akwai mai fuskar agogo da allura. Akwai kuma mai batir da ke rubuta lamba a ɗan gilashi. Na zaɓi mai allura, saboda ba ya neman batir, ga shi da ɗan madanni a gefe na rage iska kaɗan-kaɗan, kuma allurar takan tsaya a inda ta kai har sai ka sake ta. Kafin in amince da shi na gwada shi a taya ɗaya tare da na wani maƙwabcina mai batir, suka zo kusan daidai, bambancin bai kai 1 ba. Ina ba duk wanda zai saya shawara ya yi wannan gwaji, domin geji ma yana ƙarya, musamman wanda ya sha faɗuwa a ƙasa.

Washegari bayan na dawo daga sallar asuba, gari ya ɗan yi haske, ga hazo, na tsuguna gaban ƙafar gaba ta dama. Littafin motar ya fayyace abin da ake nufi da taya mai sanyi: motar ta yi aƙalla awa 3 a ajiye, ko kuma ba a yi tafiyar da ta wuce kilomita 1.5 da ita ba. Motar da ta kwana a gida ta cika sharaɗin, muddin rana ba ta fito ta doki gefe ɗaya ba, domin gefen da ke rana yakan nuna lamba sama da na inuwa. Na kwance murfin bawul na jefa shi aljihu, don in ya faɗi cikin rairayi nemansa aiki ne. Na ɗora bakin gejin a kan bawul, a miƙe sosai, na danna da ƙarfi lokaci ɗaya. Za ka ji ɗan "fiss" gajere sannan shiru. Idan ƙarar ta ci gaba, bakin bai zauna ba, iska kake zubarwa kuma lambar da za ka gani ba gaskiya ba ce, sai ka cire ka sake ɗorawa. Allura ta tsaya a 28. Na maimaita don in tabbatar, ta sake ba ni 28. Ta gaba ta hagu 29. Ta baya ta hagu 28. Da na zo ta baya ta dama, allura ta tsaya a 24.

A nan na gane abin da wutar ke yi. Ƙa'idar da motocin Amurka ke bi ita ce wutar ta kama idan iskar taya ta ragu da kashi 25 cikin 100 na abin da sitika ta faɗa. Rubu'in 32 shi ne 8, ka cire shi saura 24. Tayata tana zaune daidai kan wannan iyaka. Ita kuma iska halinta ne ta takure da sanyi ta buɗe da zafi: kowane digiri 5 zuwa 6 da yanayi ya sauka, taya na rasa kusan psi 1, in ya hau ta samu. Da asubar hunturu a nan ana iya samun digiri 15 ko kusa da haka, da rana kuma a haura 30. Ka haɗa da zafin da tafiya ke sa wa taya, sai 24 ɗin safe ta koma 27 ko 28 da azahar, wutar ta mutu, direba ya ɗauka matsala ta wuce. Ba ta wuce ba. Sauran ukun kuwa da suka sauko zuwa 28 da 29 ba huda ba ce. Taya lafiyayya ma tana rasa kusan psi 1 a wata ta jikin robar kanta, sannan sanyi ya ƙara janye nasa.

Mai facin unguwarmu yana ƙarƙashin wani dogon yaro a bakin titi, da injin iskarsa mai amfani da fetur da tsohon baho na ruwa da ya yi baƙi. Tsakaninmu bai kai kilomita ɗaya ba, don haka na isa tayoyin ba su ɗau zafi ba. Wanda nasa mai facin ke da nisa, dabarar ita ce ya rubuta giɓin da ya gani a gida, misali wannan tana neman 4, waccan 8, in ya isa ya sake aunawa ya ƙara wannan giɓin a kan duk abin da ya gani a lokacin.

Muka gaisa, na ce, "Malam, iska za ka ƙara mini, amma 32 nake so a kowace."

Ya tsaya da tiyo a hannu ya dube ni. "Yallaɓai, 32? Ai wanga na mashin ne. Mu 45 muka sa ma ƙananan motoci, in akwai lodi 50."

Na buɗe ƙofa na nuna masa sitika. Shi kuma ya durƙusa ya goge gefen tayar da tafin hannu ya nuna mini inda aka rubuta 51 psi da ƙananan haruffa. Ya ce ga abin da masu tayar da kansu suka rubuta. Na ce masa wannan lambar iyaka ce, ita ce mafi yawan abin da tayar za ta iya ɗauka, kuma kamfanin tayar bai san a wace mota za a ɗaura ta ba, domin taya mai girma ɗaya tana shiga motoci masu nauyi daban-daban. Wanda ya ƙera motar shi ya san nauyinta da birkinta, shi ya sa lambarsa ce a jikin ƙofa. Ya yi shiru kaɗan, ya ce, "To, motarka ce, Yallaɓai." Ya dinga ba ta iska kaɗan yana cirewa, ni ina bi da gejina, inda ta zarce in danna madannin in rage. Gejinsa da nawa sun saɓa da kusan 3. Nasa ya sha wuya, kullum yana hannun yara, yana faɗuwa a kan dutse.

Ban ga laifinsa ba ko kaɗan. Mafi yawan masu zuwa wurinsa 'yan haya ne da ke cika mota fiye da ƙima, kuma su da kansu suke cewa a ƙara. Abin da ya gada ke nan daga maigidansa. Amma motar gida da ke ɗaukar mutum biyu ko uku, in aka ɗura mata 45, tsakiyar tayar ne kaɗai ke cin kwalta sosai. Tsakiyar ya riga gefe cinyewa, motar ta dinga tsalle a kan gargada, birki ya rage kamu musamman a kan rairayin da iska ke watsowa titi ko da ruwan damina, kuma in ta faɗa rami da gudu tayar ba ta da sauran sassaucin da za ta shanye bugun.

Ƙarancin iska kuwa ya fi wannan muni, kuma shi ne wanda mutane suka fi rainawa. Taya mai ƙarancin iska gefenta yana lanƙwashewa yana miƙewa a kowane juyi, kamar yadda in ka kama waya kana lanƙwasa ta kana miƙarwa za ka ji ta yi zafi kafin ta karye. Zafin nan yana taruwa a cikin tayar, yana raba roba da wayoyin ƙarfen da ke ciki, har wata rana a kan gudu ta tarwatse. Mutane da yawa in taya ta fashe sai su ce iska ce ta yi yawa, alhali sau tari ƙarancinta ne, da lodi, da gudu, da tsufa. Akwai kuma shan mai. Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta ƙiyasta cewa kowane psi 1 da matsakaicin iskar tayoyin huɗu ya ragu yana rage nisan da mai zai kai ka da kusan kashi 0.2 cikin 100. Ba shi da yawa, ko da yake tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 babu wanda ke raina ɗigo. Ni dai abin da ya fi damuna shi ne tsayawa a daji. Kowa ya san halin da wasu hanyoyinmu ke ciki, babu mai son ya kwana biyu yana tuna yadda ya yi canjin taya da magariba nesa da gari, da iyali a cikin mota.

Ita wannan wuta asalinta daga wani bala'i ne. A ƙarshen shekarun 1990 aka yi ta samun haɗurra a Amurka na motocin Ford Explorer masu tayoyin Firestone, inda bayan tayar ke ɓarewa a kan gudu motar ta kife. Mutane sama da 200 suka mutu, aka janye tayoyi miliyan 6.5 a watan Agustan 2000, kuma yawan iskar da ya kamata a sa na cikin abin da kamfanonin biyu suka yi jayayya a kai. A shekarar ce majalisar ƙasar ta yi dokar da ake kira TREAD, wadda ta kai ga wajabta wannan na'ura mai lura da iskar taya, wato TPMS, a duk sabuwar ƙaramar mota daga Satumbar 2007. Tarayyar Turai ta wajabta ta ga duk sabbin motoci daga Nuwambar 2014. Saboda haka 'yar Kwatano da ta fito daga Amurka ƙirar 2008 zuwa sama tana da ita, wadda aka ƙera don wata kasuwar kuma ba lallai ba ne. Amma a lura da aikin da aka ɗora mata: gargaɗin ƙarshe ne. Da 28 ɗin da tayoyina uku ke kai ba ta ce komai ba, kuma a mafi yawan motoci ko 50 mai faci ya ɗura ba za ta kama ba. Wanda ya ce tunda wuta ba ta kama ba tayoyinsa lafiya, ya ɗora mata nauyin da ba nata ba.

Na samu ɗan littafi na ajiye tare da gejin, ina rubuta kwanan wata da lambobi huɗu. Amfanin rubutun bai daɗe ba ya fito. Ukun suka tsaya a inda aka bar su, ta baya ta dama kuwa ta ci gaba da zamewa, daga 32 zuwa 30, zuwa 28. Na kaɗa ruwan omo a roba na fara da bawul, domin can ne aka fi samun irin wannan yoyo, na zuba a bakinsa da gindinsa, babu kumfa. Na bi bakin wili, babu. Sai da na tura motar gaba kaɗan-kaɗan ina jiƙa bayan tayar, sannan na ga ƙananan kumfa suna tasowa a hankali daga cikin wani zane. Kan wata siririyar ƙusa ne, ya goge ya yi daidai da robar har yana ƙyalli. Ban cire ta ba, domin ita ce ta toshe ramin, na koma wurin mai faci.

Ya so ya cusa mata igiyar faci daga waje, aikin minti biyar. Na roƙe shi ya cire tayar ya yi facin daga ciki, don a ga ko ƙusar ta yi wata ɓarna a can. Hudar da ke kan shimfiɗar taya, in faɗinta bai wuce milimita 6 ba, tana karɓar faci. Wadda ke gefe ba ta da magani sai canji, komai ƙwarewar mai faci. Kafin ya sa ƙarfe na ce, "Malam, a yi hankali da wajen bawul, akwai na'ura a bayansa." Ya ce ya san su, ya sha ganin waɗanda aka karya. Ya fara ɓamɓarar tayar daga nesa da bawul ɗin, ya kira yaronsa ya nuna masa. Da tayar ta fita na gan ta da idona: wata baƙar roba mai tauri, tsawonta bai wuce ɗan yatsa ba, tana kwance a cikin wili, manne da gindin bawul na ƙarfe wanda aka ɗaure da noti daga waje. A jikinta akwai ɗan rami inda take jin ƙarfin iska, da wasu lambobi da haruffa, waɗanda su ne shaidarta a wurin kwamfutar motar. Batirinta a rufe yake a ciki, ba a canza shi, yakan yi shekara 5 zuwa 10. Daga nan take aika saƙo ta iska zuwa mota. Bugu ɗaya na ƙarfen mai faci ya isa ya fasa ta, kuma ba a samunta a kowane shago. Wani abu da na koya a ranar: irin wannan bawul na alminiyam murfin roba ya fi dacewa da shi, domin murfin ƙarfe mai ƙyalli da ake sayarwa don ado yana iya cin tsatsa ya manne, wajen kwancewa a karya bawul ɗin.

A ƙasan sitiyarin motata akwai wani ɗan madanni mai hoton wutar da kalmar SET. Aikinsa shi ne ya gaya wa mota cewa iskar da ke cikin tayoyi yanzu ita ce daidai. Ana saita tayoyin huɗu da sanyi, a murɗa makulli fitilu su kama, motar na tsaye, a danne shi har wutar ta ƙyafta sau 3, sannan a bar ta 'yan mintuna. Haɗarinsa shi ne wanda zai danna shi don kawai wuta ta dame shi, alhali taya na kan 24. Ya koya wa motar cewa 24 ce daidai, ba za ta sake magana ba sai iska ta yi ƙasa ƙwarai. Wasu motocin kuma, irin Honda Accord daga ƙirar 2013 da Volkswagen da yawa, babu na'ura a cikin tayarsu sam. Suna amfani da na'urar birkin ABS ne su ƙirga juyin kowace ƙafa, domin taya mai ƙarancin iska tana ɗan ƙanƙancewa ta fi sauran saurin juyi. Irin waɗannan dole a sake saita su duk lokacin da aka ƙara iska ko aka sauya wa tayoyi wuri.

Yadda wutar ta kama ma magana ce. In ta kama ta zauna, iska ce ta yi ƙasa. In kuwa ta yi ta ƙyaftawa kusan minti ɗaya bayan an tayar da mota sannan ta zauna, na'urar ce da kanta ke da matsala, galibi batirin ɗaya ya mutu ko an karya ta, ko an canza wili. Motocin da ke iso mana sun riga sun yi shekara goma ko fiye, don haka da yawa da wannan ƙyaftawar suke zuwa. Na shiga motocin abokai na ga an manna baƙin salatif a kan wutar, wani kuma ya sa mai wayarin ya kashe ta gaba ɗaya. Abin yana ba ni takaici, domin ranar da ƙusa ta shiga a kan hanyar Sakkwato, wannan wutar ce za ta ba ka mintunan da za ka rage gudu ka nemi gari. Mai son gyara ya sani cewa na'urorin motocin Amurka galibi a kan zangon rediyo na 315 MHz suke magana, na Turai 433 MHz, ba sa maye gurbin juna, kuma a Toyota sai mai kwamfutar duba mota ya shigar da lambar sabuwar na'urar kafin motar ta san da ita. Wanda hakan ya yi wa tsada, akwai masu arha da ake ɗaurawa a madadin murfin bawul, da ɗan allo mai cajin rana da ake ajiyewa a gaban gilashi.

Da bazara ta shigo lissafin ya juya. Iskar da na saita 32 da asubar Janairu, da safiyar Afrilu na same ta 34, ba tare da kowa ya ƙara ba, domin a lokacin ko da asuba garin da ɗumi yake. Na rage ta zuwa 32 a gida kafin wata tafiya Yawuri da muka yi da wani abokin aikina. Muka bi ta Jega, rana ta take, zafi ya haura digiri 40, kwalta har wani rawa take yi a ido. Da muka tsaya salla a Koko na ɗora geji don in gani: 37 a gaba, 36 a baya, tayar ba ta taɓuwa da hannu. Abokina ya ce, "Malam, don Allah rage mata, kada ta fashe da mu." Na san da yawa daga direbobinmu haka suke yi, kuma da kyakkyawar niyya. Na ce masa a'a. Ƙarin psi 4 zuwa 6 a taya mai zafi abu ne da masu ƙera motar suka riga suka sa a lissafi lokacin da suka rubuta 32. In na sauke ta zuwa 32 tana da zafi, ainihin iskarta ta koma 27, gefenta ya ƙara lanƙwasa, zafin da muke gudu ya ƙaru. Abin da ke taimakon taya a irin wannan rana shi ne rage gudu, da rage lodi, da ɗan hutu a inuwa. Muka huta, muka ci gaba, ban taɓa bawul ba.

Safaya ma na shigar da ita cikin littafin. Tana kwance a ƙasan but, sai an fitar da kaya an ɗaga shimfiɗa, shi ya sa ake mantawa da ita. Da na fara auna ta 35 na samu a maimakon 60, kuma tawa ba ta da na'ura, babu wutar da za ta faɗa. Irin wannan ƙaramar safaya ba a wuce kilomita 80 a awa da ita, an rubuta a jikinta, ta kai ka wurin mai faci ne kawai.

Yawan tsugunawa gaban taya ya sa na fara karanta sauran rubutun da ke gefenta. Bayan haruffan DOT akwai jerin lambobi, huɗun ƙarshe su ne ranar haihuwar tayar: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. Jami'an hukumar kiyaye haɗurra sun daɗe suna jan hankali a kan wannan lamba, musamman bayan haɗarin da ya ci ran ƙaramin ministan ƙwadago James Ocholi da matarsa da ɗansa a hanyar Kaduna zuwa Abuja a watan Maris na 2016, wanda fashewar taya ce mafarinsa. Tayoyina biyu na baya, waɗanda motar ta zo da su, sun haura shekara shida, kuma a cikin zanensu da gefensu na ga ƙananan tsage-tsage, duk da cewa zanen bai cinye ba. Zafin rana irin namu yana busar da roba da wuri. Iska daidai ba ta mayar da tsohuwar taya sabuwa.

Na yanke shawarar canza su. A shagon na ƙi 'yan gwanjo, duk da rangwamen kuɗin, domin ba ka san a wane hali suka yi rayuwarsu ta farko ba. Na sa aka fito da sababbi na juya su na karanta lambar makon da shekarar da kaina, na tabbatar girman ya yi daidai da na sitika. Na tsaya a kan mai ɗaurawa har ya wuce wajen bawul lafiya a duka biyun. Wajen ɗaura sabuwar taya sai an ba ta iska mai yawa kafin bakinta ya hau wili ya yi ƙara, kuma ba kowa ke tunawa ya sauke ta bayan nan ba. Na rage su a wurin zuwa kusan 35, na kawo motar gida ta kwana. Da safe na auna, ɗaya 34, ɗaya 33. Na sauke kowace zuwa 32, na duba na gaba, na mayar da murafun, na danne madannin da ke ƙasan sitiyari har wutar ta ƙyafta sau 3, sannan na rubuta lambobin da shekarar sababbin tayoyin a littafi.